Zanen da ke ƙofar motar Kawu

Ni ne da laifi, kuma na ɗora ƙarya a kai.

Jiya na fito da tsohuwar motar Kawu zan wanke, shekara biyu bayan rasuwarsa. Rana na dukan ƙofar direba sai zanen nan ya bayyana. Na goga mai har kafaɗata ta yi tsami, bai gushe ba. Don haushi na yi jifa da tsumman.

Da bokiti guda Kawu yake wanke motar, don ruwa a Belbeji ba abin wasa ba ne. Tsumma biyu gare shi, fari na fenti, baƙi na taya. Kullum yana cewa, "Na ƙasa ba ya hawa sama."

Ranar da ya bar mini aikin, ina saurin zuwa kallon kokawa. Na dirje tayoyi, na bi ƙofar da baƙin tsumman da yashinsa, ina murzawa ina kewayawa. Ina jin ƙaras-ƙaras, ban tsaya ba.

Da ya dawo ya shafa wurin da yatsa. "Ɗan nan, me ya sami ƙofata?"

"Ƙayar hanyar Tarka ce, Kawu."

"Ikon Allah! Ƙaya a miƙe take zanenta. Yau ta koyi kewaye?"

Na kafe a kan ƙaya ce. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake miƙa mini tsumma ba har ya bar duniya.

Jiyan da la'asar na je kabarinsa na tsuguna. Na ce, "Kawu, ni na zane ƙofar motarka, na kuma yi maka ƙarya. Ka yafe mini. Allah ya sanyaya makwancinka."