Sallamar da ba ta ratsa ƙofa ba

Shekarun baya, da uwargidana ta rasu, jama'armu ta Greensboro, a nan Amurka, sun haɗu a kan magana guda: wai dattijo mai shekaruna ba zai iya riƙe gida shi kaɗai a ƙasar nan ba. 'Yata ta roƙe ni in koma wurinta a wata jiha. Na ce mata wanda ya yi rayuwarsa yana tsare ɗaruruwan ɗalibai a kwalejin horon malamai ba zai gaza tsare tukunya ɗaya da gado ɗaya ba. Na zauna a gidana na East Greensboro, kuma na riƙe shi.

Adabin Turawa na koyar a can gida. A cikinsa akwai wani rukuni na labaran tsofaffin gidaje masu duhu, inda wani tsoho ke kulle kansa, labule a sake, ƙura na cin kujeru, har mutanen gari su fara raɗa cewa gidan yana da aljanu. Nakan gaya wa ɗalibaina, da cikakken tabbaci, cewa wannan ciwo ne na mutanen ƙasar sanyi, ba ya kama Bahaushe, domin zaurenmu a buɗe yake wuni.

Bayan addu'ar arba'in, kiran waya ya ishe ni. Sai na faɗa a gaban mutane cewa gaisuwar waya ba gaisuwa ba ce, mai son ganina ya tako da ƙafarsa. Na kashe wayar, sai ranar Lahadi nake kunna ta saboda 'yata. Masallaci ma na yanke, da hujjar ciwon gwiwa. Na zauna ina jira in ga masu zumuncin gaskiya.

Ba wanda ya zo. Wanda rashinsa ya fi yi mini ciwo shi ne abokina, wani Alhaji mutumin Damagaram, wanda muka daɗe muna tsokanar juna irin ta Bakano da Badamagare. Na saki labule, na koma kallon tsofaffin finafinan irin waɗancan gidaje da rana tsaka, na ƙure murya saboda kunnena ya fara nauyi. Ina kallon tsohon cikin fim ina tausaya masa, ni da ke zaune a kan kujerar da ba ta da maraba da tasa.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Wata safiya na fitar da kwandon shara, sai maƙwabciyata, wata tsohuwa Ba'amurkiya, ta tsayar da ni. Ta ce: "Ina mutumin nan mai doguwar riga da ke zuwa kowace Juma'a yana yi wa ƙofarka magana? Yakan faɗi wani abu sau uku, ya ɗan tsaya, ya juya. Na kwana biyu ban gan shi ba."

Ƙofata biyu ce, ta katako a ciki, ta gilashi a waje, an yi su don kada iska ta ratsa. Ashe murya ma ba ta ratsawa.

Ranar na tuƙa mota zuwa gidan Alhaji a titin Gate City Boulevard. Matarsa ta buɗe mini, ta gaishe ni ba ta ɗaga ido ba. Yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana na fita da ƙyar.

"Bakano," in ji shi, "ka gama sarautar?"

Na ce: "Alhaji, akwai ƙararrawa a jikin ƙofar nan. Me ya hana ka dannawa?"

"Gidan makoki zan buga wa ƙararrawa, kamar mai kawo kayan saƙo? Sallama uku aka koya mana, in ba a amsa ba a koma. Ina jin muryoyi a ciki, sai in ce Malam yana da baƙin da suka fi mu boko."

"Wayar fa?"

"Kai ka haramta ta, a gaban shaidu."

Muka yi dariya, tasa da rabin baki. Bai kai azumin waccan shekara ba.

Har yau ina cikin gidan, kuma ƙofar katakon a buɗe take wuni, ko da sanyi. Sai dai na janye abin da na koya wa ɗalibaina. Marubutan nan sun nuna mana tsohon da ke ciki, amma ban tuna wanda ya tsaya ya nuna mana mutumin da ke waje, sanye da rigar Juma'a, yana jiran a amsa masa ba.

Na zauna da matarsa mun lissafa zuwansa na ƙarshe, kuma ina so a rubuta shi, 'ya'yansa da jikokina su sani. Juma'ar farko ta watan Rajab na waccan shekara, bayan an sauko daga masallaci, ya yi sallama uku a ƙofata, ina zaune a ciki.