Mabushin da Ya Sauya Haƙora

A shagon kayan kiɗa na Odile, nan New Orleans, ina gefe ina kallon wani dattijo yana tsaye da kilarinet, wata irin algaita, a hannu, baƙar kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Bakunan busa huɗu ne jere a gabansa. Na biyar, tsohon nasa, yana damƙe a tafinsa, haƙoran gaba sun ci masa gurbi biyu. Amma haƙoran da ke bakinsa yau farare ne tas, na likita, kuma da alama ba su san waɗannan guraben ba.

Ya ɗaura na farko, ya busa. Muryar ta fito da daɗi, sai ta tsage kamar an taka kyanwa. Ya share gumi.

"Ɗauki mai taushin, Baba," in ji Odile. "Zai fi yi maka biyayya."

"A ɗaki ke nan. Gobe a titi zan raka gawa, ga ƙaho ga ganga. Tsallaka titi can ki saurara, 'yar nan."

Ta tsallaka tana tsaki. Ban san wa ya rasu ba, amma mutum ba ya gumi haka saboda baƙo. Ya ɗaura mai taurin, ya tsaya a ƙofa, ya ja waƙar makoki, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Odile tana ɗaga hannu daga can, alamar ta ji. Shi bai gani ba. Idonsa a rufe, ƙafarsa tana ɗagawa a hankali, tuni ya fara tafiyar gobe.