Ranar da Kaka Ta Zaɓi Na'urar Faifai

Kwanakin baya a ofishinmu wani ya danna maɓallin wata tsohuwar kwamfuta, sai tiren faifai ya zuro kai waje da 'yar ƙararsa. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Ƙarar nan ta mayar da ni gidanmu na Kwantagora, wata damina ina 'yar firamare, ɗanyar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa.

Kakata ta wajen uba 'yar ƙasar Rijau ce, aure ya kawo ta gari. Tana da wani kaset da take naɗewa a tsumma, ta ɓoye cikin kwalla. Muryar yayarta marigayiya ce a ciki, tana waƙar niƙa da yarensu, Dukanci. Wata rana rakoda ta tauna zaren. Baba ya zaro shi a hankali ya naɗe da biro, amma kowa ya san ba zai jure wata taunar ba.

Baffana, ƙanin Baba, yana da shagon buga takardu kusa da tasha. Ya ce zai iya shigar da muryar cikin kwamfuta ya juye ta a faifai, sai dai na'urar faifan da ke cikinta karatu kawai take yi, ba ta rubutu. Dole a sayo wata. Kaka ta ce ƙafarta ƙafarsa, ta ja mayafi, ta kama hannuna.

Har yanzu ina jin ƙamshin shagon mai kayan kwamfutar: sabon kwali, da ƙasar da ruwan safe ya jiƙa. Ya jera mana na'urori a kan tebur, duk kamarsu ɗaya a idona. Baffa ya ture masu karatu kaɗai gefe. Ya juya sauran yana duba bayansu, don kwamfutarsa tsohuwa ce, waya mai faɗi kamar ɗamara take karɓa, ba siririyar da ake yayi ba. Aka rage biyu. Mai shago ya dage a kan ɗaya, wai ta fi gudu.

Kaka ta ce, "Ɗan nan, gudu zuwa ina? Wacce ce ba ta cin zare?"

"Iya, ai faifai ba shi da zare."

"To wacce ce ba ta gaggawa?"

Shago ya ɗauki dariya. Baffa ya ce ai ɗayar ma ta ishe mu, tunda tana rubuta faifan sauti da na ajiyar takardu, kuma a hankali zai sa ta yi aikin. Kaka ta ɗaga ta, ta auna nauyinta a tafin hannu kamar mai sayen doya, ta ce a naɗe mana.

Da la'asar Baffa ya kwance cikin kwamfutar. Ni na riƙe masa sukurori a murfin kwano, na kuma samu izinin danna maɓalli. Faifan farko ya fito da ɗumi, muka ruga gida, aka saka a rediyon Baba. Shiru. Ashe Baffa cikin ɗoki ya rubuta shi a matsayin faifan ajiya, wanda kwamfuta kaɗai ke ganewa. Kaka ta ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Kai ma gaggawar gare ka." Ya koma shago yana sosa ƙeya.

Na biyun ya yi. Muna zaune a tsakar gida, Inna na dama kunu, sai ga gurzar dutsen niƙa, sannan murya ta biyo baya, siririya mai daɗi. Kaka ta miƙe tsaye. Da aka zo amshi ta karɓa, kamar yayarta na durƙushe a gabanta. Sai ta soma takawa, tana kuka tana dariya, mu jikoki muka bi bayanta muna tattaka laka. Maƙwabta suka cika gidan. A makon nan Baffa bai huta ba: duk motar da za ta Rijau sai an ba direba faifai ya kai wa dangi.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, kwamfutocin yanzu ma ba su da ƙofar saka faifai. Waƙar tana cikin wayoyinmu, ta kai garuruwan da matan nan biyu ba su taɓa jin sunansu ba. 'Yata ba ta jin Dukanci ko kaɗan, ba ta kuma taɓa ganin dutsen niƙa ba. Amma shekaranjiya na ji ta tana wanke-wanke a bakin famfo, tana rera amshin daidai, babu kuskure ko ɗaya.