Jinjimin Fadamarmu

Ina alwalar azahar a gidana da ke unguwar Takur a Dutse matar yayana ta kira ni. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Yaya ya cika." Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma bai bari an faɗa mini ba. Na ƙarasa alwalar, na fita neman mota zuwa Miga. Kafin in isa ƙauyenmu an riga an kai shi makwancinsa.

Shi ne ya riƙe shanun gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ni kuwa aiki ya kai ni Dutse. Da rani shanun a fadama suke kwana. A gidanmu ba a ɗaga su zuwa tudu sai an ga jinjimi sun sauka. Mahaifinmu ya ce idan tsuntsun nan ya fara caka dogon bakinsa a ƙasa, to ƙasar ta jiƙu har ciki, ba da jimawa ba laka za ta kama ƙafar saniya. Idan kuma aka yi gaggawar ɗagawa, ciyawar tudu ba ta fito ba, shanu su rame.

Duk shekara Yaya kan kira ni ya ce, "Mutumin birni, baƙinka sun iso. Saurara." Sai ya ɗaga wayar sama. Jinjimi ba mai yawan kuka ba ne, iska kawai nake ji.

"Yaya, ban ji komai ba."

"Yawwa, to su ne. Da ka ji surutu, da mutanen ofishinku ne."

Bayan an tashi daga zaman makoki, matarsa ta same ni a zaure. Ta tsuguna daga gefe ta ce, "Malam, shanun nan fa? An yi ruwa. Ya ce in jira, bai faɗa mini har yaushe ba."

Da hantsi na tafi fadama tare da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda idanunsa suka yi rauni. Yana dafe da kafaɗata. Can bakin ruwa akwai fararen tsuntsaye suna kiwo.

Ya ce, "Me ka gani?"

"Farare ne, Baffa."

"Belbela ma fara ce. Dubi kan."

Na matsa. Kansu baƙi ne, wuyan ma baƙi, baki a lanƙwashe kamar lauje. Suna tafiya a hankali suna caka ƙasa. Na faɗa masa. Hannunsa ya ƙara nauyi a kafaɗata. Daga baya ya ce, "Allah ya jiƙansa. A ɗaga su yau."

Mun kora su da yamma, maƙwabta suka taya mu. Wata tsohuwar saniya ta yi ta tsayawa tana waiwayen fadama, sai da na ja ta da igiya.

A tudu muka tarar Yaya ya fara kafa sabon shinge kafin ya kwanta. Ya gama gabas da kudu. Ga ƙaya a tare a gefe, ga ramukan da ya haƙa na sauran turakun, ruwan sama ya cika su. Muka ɗaure shanun a jikin itatuwa.

Hutun da aka ba ni ya ƙare, na dawo Dutse. Har yanzu ɓangaren yamma da na arewa a buɗe suke.