Wutar da Gwaggo Fanta ta hura

Kowa a unguwar Birni Gwaggo yake ce mata, har ni da ya kamata in ce kaka. Fanta sunanta, yayar kakana Tanimu na Zermu. Aure biyu ta yi ba haihuwa, ta tattara ta bar wa maza abinsu, ta kama aiki a gidan likita na Damagaram tun zamanin Nasara. Da wankin tsumma ta fara, ta ƙare tana karɓar haihuwa a matanite, wato ɓangaren masu haihuwa. Gajeriya ce, ga faɗa kamar me. In za ta yi maka allura sai ta zage ka tas, ta gama kuma ta ciro dabino a aljihu ta cusa maka a hannu.

Tanimu ya ba ta riƙon 'yarsa ta fari, Zuliha, tun daga yaye. Ita ce uwata. Gwaggo ta goya ta, ta aurar da ita, da ciki ya tsufa ta dawo da ita ɗakinta. Nan aka haife ni, cikin bazara, shekarar da aka samu 'yancin kai.

A wurinmu mai jego gasa ta ake yi: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa ƙwarya-ƙwarya, har arba'in. Wai kada sanyi ya shige ta. Gwaggo kuwa ta gaji da ganin masu jegon da ake kawo musu, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, kaɗan ke komawa gida. Ta ce ruwan ɗumi ya ishi Zuliha, kunu kuma ban da kanwa.

Ranar suna kakata Indo ta iso daga Zermu da mata. Ta tsoma hannu a ruwan wankan, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga ba ko toka.

"Yaya," in ji ta, "yarinyar nan amana muka ba ki. Da ke kika yi naƙudarta, da ba ki bar ta ɗanya haka ba."

Ko wannan da Gwaggo ta haɗiye. Abin da ya karya ta shi ne Zuliha da ta kama zanenta tana kuka: "Gwaggo, don Allah ki yi mini yadda ake yi wa kowa. Cewa suke ba ki so na."

Gwaggo ta tashi ta hura wuta da hannunta. Kuma Gwaggo ba ta iya aikin rabi-da-rabi ba. Ta sayi itace kaya-kaya, ta tafasa ruwa, ta dama kunu da kanwa har ya yi ɗaci. Mata suka yi ta sa mata albarka.

Ƙafar Zuliha ta fara tashi. Suka ce ai sanyin kwanakin farko ne, a ƙara wuta. Da ta kasa numfashi a kwance Gwaggo ta watsa wa garwashin ruwa, ta sa aka ɗauke ta zuwa gidan likita. Ba ta ga arba'in ba.

Mutanen Zermu har yau cewa suke Fanta ta yi jinkirin wanka, sanyi ya kashe musu 'ya. Abin nan yana ci mini rai, wallahi, kuma na daina musu da su don ba ya dawo da kowa.

Gwaggo ce ta raine ni da nonon akuya. Ta ci gaba da aikinta sai da hannu ya fara rawa. Rabin unguwarmu a tafinta suka faɗo duniya. Amma ba ta ƙara ce wa wata mai jego yi kaza ko bar kaza ba, ko an tambaye ta sai ta kau da kai.

Da ta kwanta ciwon ajali na zauna ina matsa mata ƙafa, na ce, "Gwaggo, ƙarya suke miki. Ba sanyi ba ne."

Sai ta ce:

"Su sun ce na makara da wutar. Ni na ce da ban hura ta ba. Duk wanda ke da gaskiya a cikinmu, 'yar nan, ni ce dai."