Ban Ga Gwaggo Ba

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga sabon ajinmu a Badarawa wata ƙusa ce da ta leƙo daga gefen bencin ƙarshe. An buga ta an lanƙwasa, ga zaren hijabin wata, ruwan toka, maƙale a jikinta. Nan na zauna, don babu mai son wurin, ni kuma ina son inda ba a kallona. Sai da malamin lissafi ya juya baya ya fara rubutu na ɗaga kai. Farin allo ne, da maka ake rubutu a kansa. Ina ganin hannun malam yana tafiya, ina jin ƙarar makar, amma abin da yake bari a jikin allon bai wuce dishi-dishi ba, kamar an shafa toka da yatsa.

Ba a ranar abin ya fara ba. A firamare ajinmu ƙarami ne, ko'ina ka zauna allo na gabanka, shi ya sa na yi ta lallaɓawa. A Islamiyyar unguwarmu ta Hayin Banki kuwa littafi a hannu yake, ina kawo shi dab da hanci, kuma ina cikin waɗanda ke gaba a hadda. A gida ma yabona ake yi da ido. Ni ce mai zura wa Mama zare a allura, ni ce mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wa zai yarda idan na ce daga ƙofar gidanmu ba na gane fuskar mai shagon da ke tsallaken layi?

Na ce a raina zan faɗa idan na saba da makarantar. Da na saba, na ce bari a gama gwajin farko. Aka gama, na ce bayan azumi. Wani lokaci ina shirya maganar tun daga keke, kalma bayan kalma, sai in tsaya ina auna wa ya kamata in fara gaya wa, Mama ko malamar ajinmu, ko kuwa in nemi a mayar da ni bencin gaba kawai in yi shiru. Kafin in zaɓi ɗaya mun iso gida, sai in cire takalmi in ajiye maganar tare da shi a bakin ƙofa.

A maimakon haka na koyi dabaru. Idan na ja gefen idona da yatsa, haruffa sukan ɗan tsaya. Nakan yi ta fiƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa don in je kwandon shara da ke kusa da allo, in haddace layi biyu in dawo. Sauran kuma abokiyar zamana ce ke karanto mini a hankali. 'Yar Kawo ce, babanta na sayar da kayan gyaran mota, muryarta ko raɗa take yi sai bencin gaba ya ji.

"Hajiya Kaka, an zo lamba ta uku," haka take ce mini. "Wai ke yaushe za ki faɗa a gida?"

"Gobe."

"Goben nan taki ta fi titin Zariya tsawo. Ranar jarrabawa dai raba mu za a yi, kuma a allo ake rubuta tambayoyi. Sai ki ɗauki kwandon shara ki zauna a ciki."

A gidanmu magana ba ta zuwa wurin Baba kai tsaye. Ba mafaɗaci ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai son tsari, haka kuma muka taso muka tarar. Duk mai bukata Mama yake gaya wa, ita kuma ta nemi lokacin da ya dace. Ba a yi masa magana da safe yana goge takalmi. Ba a yi masa yana dawowa, sai ya huta. Ba a yi yana sauraron labarai a rediyo. Lokacin da ya dace ɗan siriri ne, wani makon ma ba ya zuwa.

Sau ɗaya na fara. Mama na suyar ƙosai, na tsaya a bayanta na ce, "Mama, idona."

"Ciwo yake?"

"A'a."

"To ki riƙa sa kwalli, ki rage karatu da fitilar waya."

Na ce to, har da jin sanyi a raina, don ina tsoron gilashin ido shi kansa. Akwai wata 'yar ajinmu mai sa shi, ido huɗu ake kiranta. Gwaggo kuma, yayar Baba, ta taɓa cewa a gabanmu gilashi ga ƙaramar yarinya iyayi ne, wai idan aka fara sawa ido zurmawa yake yi.

Gwaggon ce ta kawo ƙarshen abin, ba da niyya ba. Wata Laraba an taso mu, na sauka kusa da gadar Kawo ina jiran in tsallaka. Bayan la'asar sai ga ta a tsakar gidanmu, ko tabarmar da aka shimfiɗa mata ba ta kalla ba.

"Ina 'yar bokon? Fito. Ina cikin keke, cunkoso ya tsayar da mu, ina ɗaga miki hannu kamar mai kiran ɗan acaɓa. Idonki cikin idona kika kawar da kai. Har matar da ke gefena tana tambaya ko bashi nake bin ki."

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Gwaggo, ban gan ki ba."

"Ƙarya na yi ke nan."

"A'a. Ban dai gan ki ba."

"Da wannan atamfar? Makaho ma ya san na wuce."

Atamfar kuwa ja ce da ruwan ɗorawa, da zanen manyan fankoki. Yanzu da take kusa ina ganin har inda tela ya karkace ɗinkin wuya. Mama ta ce in ba Gwaggona haƙuri. Ni da ko ruwa na zubar sai in ba ƙasa haƙuri, ranar nan na kasa. Idan na ce ta yi haƙuri, na yarda na gan ta ke nan, kuma daga ranar sunana mai girman kai a dangin Baba, har a gidan biki a riƙa nuna ni da baki. Gwaggo ta gyara mayafi ta fita, ruwan da aka kawo mata yana nan a kofi.

Mama ta juyo wurina. Ta ce, "Gobe in kin taso, ki wuce gidanta ki durƙusa. Kada maganar nan ta kai kunnen babanku."

"Mama, ba na gani daga nesa."

"Na ji. Za mu duba lokaci in gaya masa. Ki fara kashe wannan wutar tukuna."

Na san yadda za a duba lokacin, don ni ma haka na yi ta duba nawa har zango ya kusa ƙarewa. Ban ji haushin Mama ba. Amma ina wanke kwanukan yamma na yanke cewa ba zan je gidan Gwaggo ba, kuma ba zan sake auna wa zan gaya wa ba. Mutum ɗaya ne zai iya kai ni asibiti, kuma kullum tare muke fita.

Da safe Baba yana gaba ina biye, kamar kullum. A bakin titi muke rabuwa, ni in hau keken Badarawa, shi ya ƙarasa Kawo ya shiga bas zuwa ofis. Mai keke ya rage gudu ya ce, "'Yan makaranta, Badarawa?" Na girgiza kai. Na ci gaba da bin dugadugan takalmin Baba, na hagu ya fi na dama cinyewa. Sai da muka shiga hayaniyar tasha, kwandastoci na kiran Kasuwa, ya waiwayo ya gan ni.

"Makarantarku ta dawo Kawo ne?"

"A'a, Baba. Magana ce da ni."

Ya dubi agogo, ya dubi bas ɗin da ke cika. "Ki gaya wa mamanku."

"Na gaya mata. Yanzu kai nake gaya wa."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya tsaya da jakarsa a hammata, yana kallona kamar an musanya masa 'ya a hanya. Na ce masa ba na ganin allo, tun farkon zango wata ke karanto mini. Na ce jiya Gwaggo ta ɗaga mini hannu ban gan ta ba, an ce in je in ba ta haƙuri, kuma ba zan ba da haƙurin abin da ban yi ba. Zan je in gaishe ta duk ranar da ya ce.

Ya nuna wani babban allon talla a tsallaken titi. "Me aka rubuta can?"

"Akwai shuɗi a sama. Ƙasa kuma kamar mutum, ko kwalba."

Ya sake duban allon. Kwandasta ya buga jikin mota ya ce saura mutum ɗaya, Alhaji a taimaka. Baba ya sa ƙafa ɗaya a bakin ƙofar, ya ce, "To, na ji. Ki tafi makaranta kada ki makara. In Allah ya kai mu ƙarshen mako sai mu ga yadda za a yi."

Na riƙe hannun rigarsa, a gaban kwandasta da duk mutanen da ke cikin motar.

Na ce, "Baba, don Allah ba ƙarshen mako ba. Ka kira ofis ka ce za ka makara, ka kai ni a duba mini ido yau."