Motar Matiyu da Gyaɗar Goggo Fanta

Faɗan farko da Goggo Fanta ta yi da Matiyu a kan kuɓewa ne. Ta yanka, ta shanya a tabarma a gaban motarsa, tunda a saninta motar nan ba ta zuwa ko'ina. Sai ga shi da safe ya tayar da inji, ya matsa gaba taku uku, ya dawo baya taku uku, ya kashe. Kuɓewa ƙwarya biyu ta koma kunu a ƙarƙashin taya. Goggo ta fito da muciya a hannu tana tambayarsa ko Makka ya je ya dawo. Ta zage shi da Hausa, da Hausar ta ƙare ta koma Fillanci. Shi kuwa yana tsaye da tsumman mai a kafaɗa, sai da ta gaji ya ce taya in ta daɗe a gefe ɗaya ruɓewa take yi, inji kuma in ba a tashe shi kullum ba mantuwa yake.

"Kai ma Goggo, in ka zauna wuri ɗaya ƙafa zai kumbura."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne a bakinsa. Goggo ta koma ciki tana cewa wannan mutumin ba zai kai Juma'a a ƙofar gidanta ba. Shekara biyar ya yi.

Matiyu ɗan Mumuye ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Yorro. Tun yana saurayi ya bar gonar doya ya bi manyan motoci tsakanin Jalingo da Yola, har wani Bature likitan shanu ya ɗauke shi direba. Ya fi shekara ashirin yana kai shi ruga ruga, daga bakin Binuwai har saman Mambila, a cikin wannan motar. Daga waje ka ce motar masu burodi ce. In ka leƙa ciki kuwa gida ne sosai, ga gado, ga murhun gas, ga kabad da tankin ruwa, har da ɗan ban-ɗaki, wanda Matiyu ya mayar wurin ajiye sifana, don ya ce mai hankali ba ya yin wannan abu a inda yake kwana. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa makullin da wani ƙaton littafi, wanda hotunan kawai Matiyu yake karantawa.

Lokacin matarsa Abigail ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya Murna kuma tana aure a Sunkani. Ya shigo Jalingo a shekarar da garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikata sun kwararo daga Yola sun cika kowane ɗaki, har zauruka ana kwana. Ya roƙi Goggo ta bar shi ya tsaya kwana biyu a gindin mangwaron ƙofar gidanta a unguwar Majidaɗi. Ta yarda, ba don tausayi ba, don ta hango inda za ta riƙa jingina itacen girkinta.

Abincinsa gyaran injin niƙa da babura ne, amma ran Matiyu yana kan motar. Kullum sai ya duba mai, ya duba ruwa, ya zagaya yana bubbuga tayoyi kamar mai zaɓen kankana. Abin da ya mutu ya canja, in babu irinsa a kasuwa ya ƙirƙira. Fambel ɗin da ke juya fankar inji na injin niƙa ne. Robar tagogi daga tsohon tiyub ya yanko. Rufin kuwa duk damina sai ya sha kwalta, Majidaɗi ta yini tana tari. Goggo takan zauna a tabarmarta tana saƙar faifai tana lissafa wa masu wucewa cewa a jikin motar nan babu abin da ya rage na Bature sai girman kai. Duk da haka in ta yi tuwo sai ta aika masa, tana mita cewa kada ya mutu a ƙofar gidanta a ce ita ce. Shi kuma shi ke gyara mata rediyo, ranar Kirsimeti ya kawo mata shinkafa ɗanya don ya san ba za ta ci girkinsa ba.

A kakar shekara ta biyar kuloci ya cinye. Motar tana tashi amma ba ta matsawa, sai kuka. Ya nema a Jalingo, ya nema a Yola, aka ce sai Jos, wurin wani Simeon da ke da gawar mota irinta. Ranar da zai tafi ya kawo wa Goggo makullin, don yana tsoron masu yankan aljihu a tasha. Ya ce mako uku zai yi. Ya roƙe ta kada ta buɗe, in kuma dole ta buɗe, kada abin ci ya shiga, ko ƙwayar gero ɗaya. Ta ce shi dai ya tafi, me za ta nema a akurkinsa.

Kwana uku da tafiyarsa aka kawo mata gyaɗarta daga gona, buhu huɗu. Rumbunta gara ta cinye gindinsa, ɗakinta kuma ɓeraye sun mayar da shi kasuwa, don kyanwarta ta ƙoshi ta daina farauta. Goggo ta tsaya tana kallon motar. Ɗaki na ƙarfe, a sama da ƙasa, ƙofa da makulli, makullin kuma a ƙulle a bakin zanenta. Ta yi wa kanta dariyar jin daɗi. Ashe Bature da iliminsa, da Matiyu da littafinsa, duk ba su gane abin da suka mallaka ba, sai ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Ɓera dai ba ya cin ƙarfe. Ta sa aka jera buhunan a kan gadon, ta ɗaure bakin wanda ya yage da ƙyallen tsohuwar atamfarta ja mai ruwan ƙwai, ta kulle. Ba ta san akwai ramuka a gindin birki da totur ba, inda ƙato ma zai zura hannu.

A mako na biyu masu duba-gari suka zo da bokitin jan fenti. Za a faɗaɗa hanya a ja lambatu, duk abin da ke bakin titi sai ya tashi. Shugabansu Maishanu ne, wanda Goggo ta sani tun yana yawo ba wando. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi ya sa aka zabga wa motar jan alama a ƙofa. Ya ce ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtar gari, za su dawo. In mota ce, ta tashi da ƙafarta su gani. In ba ta tashi ba, to tarkace ne, za a ja ta a ba 'yan gwangwan su farfasa.

Goggo ta san abin da hakan ke nufi. Matiyu ba shi da ɗaki a ko'ina, gadonsa da tukunyarsa da hoton matarsa duk a cikin ƙarfen nan suke. Sai ta buɗe baki ta cika wa Maishanu kunne. Ta ce motar da shekara biyar take hana ta jin kiran sallah da ƙararta ita ce ba za ta tashi ba? Ya zo ran Asabar da toshiyar kunne.

Ana gobe Matiyu zai dawo ta kwashe gyaɗarta, ta share motar tas, ta turara ta da turaren wuta don kada ya ji ƙanshin gyaɗa. Ta lura buhu ɗaya ya yi sauƙi, ta ce bushewa ce.

Ya dawo ranar Talata, ya ga jan fentin, ya ji labari. Ya shiga ƙarƙashin mota, bai fito ba sai Laraba da la'asar, ya ɗaura sabon kuloci. Alhamis da safe ya zauna, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba. Goggo tana daga tabarmarta tana saƙa, allurar na soka mata yatsa ba ta ji. Ya kwance allon da ke ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo. Da ya fito, ta riga shi magana. Ta ce ita tun farko ta san bakin mutane ne, motar nan an sa mata ido da yawa, ko kuma Baturen ne ya mutu a can ƙasarsu abinsa ya bi shi. Ta ce akwai wani malami a unguwar Turaki da ya iya irin wannan.

Matiyu ya shiga motar ya fito da ɗan kwanon sha. Ya ajiye a gabanta a hankali kamar mai kawo gaisuwa. Cike yake da ɓawon gyaɗa, da guntayen waya da aka gwaigwaya, da audugar katifa. A sama kuma ga wani zare na atamfa, ja mai ruwan ƙwai, wadda babu wanda bai san ta ba a Majidaɗi, don shekara goma Goggo tana zuwa suna da ita.

"Goggo," ya ce, "ɓeran nan ya iya zaɓen zane."

Da ya zage ta ma da ta sami abin kamawa, amma ya juya ya koma ga wayoyinsa.

Aikin ya fi ƙarfinsa. Wayoyi sun fi ashirin, an datse su gida biyu, kowace sai an nemo 'yar'uwarta an haɗa. Wurin ƙunci ne da duhu, hannunsa kamar faranti, idonsa kuma ya fara tsufa, ba ya raba ja da ruwan ƙasa. Har azahar waya uku kawai ya haɗa, ɗaya ma ta yi tartsatsi. Goggo ta ajiye faifanta ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce ya matsa. Shekara hamsin tana haɗa kaba rinanniya, kala da kala, ba ta taɓa sa kore a gurbin shuɗi ba.

Haka mutanen Majidaɗi suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Goggo Fanta, mai jikoki goma sha ɗaya, wadda limami ma ke sauya hanya in ya hango ta, tana kwance rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunta a waje ta ƙofa, kashin ɓera na zubo mata a ido. Ita ke lalubo kala ta murɗe, shi ke miƙo mata salatif yana faɗa mata ta ƙara matsewa. Matan unguwa suka riƙa wucewa ɗibar ruwan da ba sa bukata, suna tambaya ko Goggo ta fara koyon kanikanci ne. Daga ciki take amsa musu, amma zagi daga ƙarƙashin sitiyari ba ya da kwarjini. Yini biyu suka yi. Juma'a da yamma fitilu suka kama, sai dai duk sanda aka kunna su oda ma sai ta yi kuka. Goggo ta rantse ba laifinta ba ne, wayar fitila da ta oda Bature ne ya rina su kala ɗaya don rowa. Batir kuwa ya yi sanyi, ba zai iya juya inji ba. Matiyu ya ce sai turi.

Asabar da safe kowa na waje da tsintsiya, maza sun tafi kwashe bola a bakin kasuwa. Maishanu ya iso da mutanensa da motar jan tarkace. Goggo ta ɗaura ɗamara ta bi gida gida. Ta tuna wa wannan wanda ya gyara mata injin markaɗe, ta tuna wa waccan sirrin da ta sani a kanta. Mata goma sha biyar suka jefar da tsintsiya suka dafa motar, Goggo a tsakiya. Suka tura. Motar ta yi gunji ta mutu. Suka sake turawa har gaban shagon tela, ta yi atishawa, ta yi wata irin girgiza, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe su duka. Inji ya kama. Matiyu ya je ƙarshen layi ya juyo da kansa, ya tsaya a gaban Maishanu yana ba ta wuta.

Maishanu ya ce to, mota ce, babu mai taɓa ta. Amma gindin mangwaron nan ta nan lambatu zai bi, ba za ta koma wurin ba.

Sai a lokacin Goggo ta gane abin da ta tura da hannunta. Shekara biyar tana faɗa wa duk mai kunne cewa ranar da ƙarfen nan ya bar ƙofar gidanta sai ta yi sadakar waina. Ga ranar ta zo, ita ce ma ta tara masu turi. Matiyu ya leƙo ta taga ya ce ba zai iya kashewa ba, in ya kashe ba za ta sake tashi ba. Zai wuce Sunkani wurin Murna, akwai fili a bayan gidansu. A can ya ƙare kwanakinsa, ana cewa har makon da ya kwanta ciwo yana matsar da ita taku uku gaba taku uku baya. Goggo ba ta sake ganinsa ba.

Amma a safiyar nan ta ce ya jira. Ta shiga gida da saurin da gwiwoyinta suka manta, ta fito da kyanwarta a hammata, ta cusa ta ta taga ta faɗa kan kujera. Ya fara cewa useko, kalmar godiya ɗaya da ya koya a Fillancinta, ta katse shi, tana ɗaga murya don ta fi ƙarar injin.

"Kar ka cika ta da abinci, ta yi maka aiki. Kuma Matiyu, kar ka ƙara ba tsohuwa makulli, ko da ta dafa maka Alƙur'ani."